Suna a Rajista, Yaro a Kasuwa: Sharhi Kan Fashin Makaranta

Duk sa'ad da maganar ilimi ta taso a Arewa, lissafi ɗaya ake fara kawowa: yara miliyan nawa ne ba sa makaranta. Hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5 ne a Nijeriya. UNESCO kuma a 2022 ta ce sun kai wajen miliyan 20 idan aka haɗa da waɗanda suka isa sakandare. A kan waɗannan ake taro, a kansu ake ware kuɗi, kuma sun cancanci haka. Amma akwai wasu yaran da ba a cika tunawa da su ba, su ne waɗanda an riga an sa su a makaranta. An ɗinka musu kaya, an rubuta sunansu, hukuma ta ƙirga su cikin nasarorinta, sai dai zuwansu na yau-an-zo-gobe-ba-a-zo-ba ne. A ganina, asarar da ake tafkawa ta wannan kafa ba ta gaza ta farko ba, kuma ta fi ta wuyar ganewa, domin uban yaro yana zaune da yaƙinin cewa ɗansa yana karatu.

Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 61 cikin 100 na yara 'yan shekara 6 zuwa 11 ne ke zuwa firamare a ƙasar, a Arewa kuma kashi 53. 'Yan mata a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ba su ma kai rabi ba. To, ko a cikin waɗanda aka ƙirga a masu zuwan, tambayar da ta rage ita ce: kwana nawa suke zuwa a mako?

Mu yi lissafin da kowane uba zai iya yi da yatsunsa. Makaranta kwana biyar ce a mako. A garin da kasuwa ke ci mako-mako, kamar Maigatari ran Alhamis, ko Achida da Potiskum ran Laraba, ko Wudil ran Juma'a, yaron da ke fashi ranar kasuwa kaɗai ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa. A shekara shida ta firamare, ya yi asarar shekara guda cur da ɗoriya. Idan aka haɗa da Juma'a, wadda yara da yawa suka mayar ranar wanki saboda ana tashi da wuri, asarar ta haura shekara biyu. Ba a sa kwanakin ciwo ba, ba a sa na biki ba, ba a sa na shuka da girbi ba. A Amurka, yaron da ya rasa kwana ɗaya cikin goma, wato wajen kwana 18 a shekara, sai a sa shi cikin waɗanda ake bin sawunsu a ji abin da ke damunsu. Mu kuwa yaron da bai wuce kwana biyu a wata yana fashi ba, cikin masu ƙoƙari muke sa shi.

Abin da ya sa fashi ya fi yadda ake zato illa shi ne, karatun farko a jere yake, kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Ɗan aji ɗaya yana fara sanin baƙaƙe da wasula, sannan ya haɗa su ya ce ba, bi, bu, sannan ya haɗa gaɓa da gaɓa ta zama kalma, kalma da kalma su zama jimla. Wanda bai zo ba a makon da aka koyar da haɗa baƙi da wasali, idan ya dawo zai tarar ana karanta kalmomi. Zai buɗe baki tare da 'yan aji, ya maimaita abin da suka faɗa, malam ya ji amo ya ɗauka kowa ya gane, alhali shi idonsa na kan allo amma bai san wane rubutu ne ke ba da wace murya ba. Haka lissafi: wanda tarawa ba ta zauna masa ba, ninkawa ba za ta shiga ba, rabawa kuwa sai dai ya kwafa. A ajin da yara suka kai 80 ko 100, kamar yadda ake gani a makarantun gwamnati na cikin Kano da Kaduna da wasu manyan garuruwa, malami ba shi da halin komawa baya saboda mutum ɗaya. Shekara ta ƙare, a ciyar da kowa gaba, da wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Daga nan sai abu ya fara cin kansa. Yaron da ba ya gane abin da ake yi, aji ya zame masa wurin jin kunya. A kira shi gaban allo ya tsaya ƙiƙam, 'yan'uwansa su yi dariya, wataƙila ya sha bulala. Gobe sai ya ce cikinsa na ciwo. Jibi ya sa kayan makaranta ya fita, ya laɓe a bakin kasuwa ko gidan kallo har a tashi, ya bi ayari ya dawo gida. Fashin da iyaye suka fara sa shi, yanzu shi ke yi da kansa. Ran da uba ya miƙa masa wata takarda ya karanta, ya ga ɗan aji biyar ya kasa, sai ya yanke hukunci: "Wannan boko ba ta karɓe shi ba, gara ya kama sana'a." A cire shi. Yawancin yaran da muke kira waɗanda suka bar makaranta ba rana ɗaya suka bar ta ba, sun shekara biyu ko uku suna barinta kaɗan-kaɗan, kowa na gani. Kuma a ƙarshe yaron ake ɗora wa laifi, a ce ba shi da kai.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, babu al'ummar da ta kai mu sanin wannan gaskiya. Ɗaruruwan shekaru muna da makarantar allo, kuma dokarta a bayyane take: ba a wanke allo sai an biya, ba a ƙari sai na baya ya zauna. Hutu sananne ne, Alhamis da Juma'a, in ya wuce haka fashi ne, kuma malam ba ya wasa da shi. Kowane mahaddaci ya san haddar da aka bar wa tilawa zubewa take yi. Har yau a unguwanni da yawa, idan yarinya ta yi kwana biyu ba ta je Islamiyya ba, malam zai aiko a ji lafiya, uwa kuma za ta ji nauyi ta ba da haƙuri. Ita wannan yarinyar za ta yi mako guda ba ta je firamare ba, ba wanda ya aiko, ba wanda ya ji nauyi. Gida ɗaya ne, iyaye ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya.

Wannan bambanci yana da tushe. Tun da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, boko ta shigo ne a matsayin abin hukuma. A zamanin En'e hakimai da dagatai ake ɗora wa nauyin kawo yara, iyaye kuma suna ɓoye nasu. Shirin ilimin firamare na kowa da kowa (UPE) na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyuka, sannan aka ƙaddamar da magajinsa, shirin UBE, a Sakkwato a 1999. Yau da wuya ka sami uban da zai fito fili ya ce ba ya son ɗansa ya iya karatu da rubutu, domin kowa ya ga amfanin likita da lauya da mai karanta saƙon banki a waya. Ƙiyayyar ta tafi, amma ta bar saura: jin cewa makarantar ta gwamnati ce, kai yaro wata alfarma ce aka yi wa hukuma, saboda haka duk ran da gida ke da buƙata, makaranta ce za ta jira.

Sai dai zalunci ne a tara dukkan fashi a kira shi sakaci. Akwai na dole. Uwar da ke ɗora wa 'yarta tallar ƙosai ko kunu da safe, sau da yawa cinikin nan shi ne cefanen ranar, abin da ya yi saura kuma a jefa a adashi don kayan ɗaki. Manomin da ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, idan ruwan shuka ya sauka, hannun 'ya'yansa kaɗai gare shi, kuma shuka ba ta jiran Asabar. Abin takaici, tsarin zangon karatunmu bai san da damina ba: zango na uku, daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ya faɗa kan sharar gona da shuka da noman farko, zango na ɗaya kuma, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗa kan girbin gero da dawa da roron wake da cirar gyaɗa. A Jamhuriyar Nijar shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni, ta bar wa manomi daminarsa, amma can ma da tasu matsalar: dubban azuzuwa na zana ne, ba a samun karan yin su sai an gama girbi, ruwan farko kuma ya tashe su. Irin waɗannan azuzuwa ne gobara ta cinye a Yamai a watan Afrilu na 2021 da Maraɗi a Nuwamba na shekarar, yara fiye da 40 suka rasu a wurare biyun.

'Ya mace ita ta fi ɗaukar nauyin wannan fashi na dole. Idan uwa ta haihu, ita ce mai raino da wanke-wanke har a yi arba'in. Idan uwa za ta asibiti ko unguwa, ita ce mai tsaron gida. Idan ta fara girma, makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa tana korarta kwana uku ko huɗu duk wata ba tare da kowa ya furta ba, ita ma ba za ta iya faɗa wa malami namiji dalili ba. Wannan magana ce da muke jin kunyar yi a bainar jama'a, amma duk shugabar makarantar 'yan mata ta san ta. Banɗaki biyu da rijiyar burtsatse sun fi laccoci goma riƙe yarinya a aji.

Sai ciwo. Nijeriya ita ke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma a Arewa ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da ake komawa sabon aji. Gidan sauro a ɗakin yara kayan makaranta ne, kamar jaka da fensir. A yammacin Kenya, wani bincike da masana tattalin arziki Edward Miguel da Michael Kremer suka wallafa a 2004 ya nuna raba maganin tsutsar ciki a makarantu ya rage fashi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Magani ne mai arha ƙwarai.

Fashin rashin tsaro kuwa, babu mai bakin zargin uba. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disamba 2020, da Jangebe a Fabrairu 2021, da Kuriga a Maris 2024, wanda ya ce 'yarsa ta zauna a gida ya yi abin da kowane mai 'ya'ya zai iya yi. Jihohi sun rufe makarantu na watanni, ga kuma rufewar korona ta 2020 da ta ci kusan rabin shekara. Duk lokacin da aka sake buɗewa, ba duka ke dawowa ba: wasu an yi musu aure, wasu sun kama sana'a, wasu iyayensu sun yi gudun hijira. Wannan nauyi na gwamnati ne ɗungurungum.

Amma idan aka ware na dole gefe, abin da ya rage yana da yawa, kuma shi ne wanda ke hannunmu. Bikin 'yar ƙanwar uwa a wani gari, a kwashe yara tun ranar kamu, ba za a dawo ba sai an yi buɗar kai. Suna a maƙwabta, yarinya ta zauna taya aiki. An yi baƙi, an aiki yaro cefane da ƙarfe takwas, ya dawo ya ce ya makara, a ce to bari sai gobe. An yi ruwa da asuba, an yi sanyi, sabulu ya ƙare ba a wanke kaya ba. Bayan Sallah a ƙara mako guda a kan hutun da aka bayar. Ga kuma maganar da ta zama ruwan dare a farkon kowane zango: "Ai ba a fara karatu ba tukuna, shara ake yi." Babu ɗaya daga cikin waɗannan da talauci ya tilasta. Kowanne kuma yana koya wa yaro darasi ɗaya, cewa makaranta aba ce da ake zuwa idan babu wani abin yi. Yaron da ya tashi da wannan fahimta, da ita zai je wurin koyon sana'a, da ita zai je wurin aiki.

Ita ma makarantar sai ta amsa nata laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Maganar "shara ake yi" ba iyaye suka ƙirƙire ta ba; gaskiya ce a makarantu da yawa, inda makon farko ke tafiya a shara da cire ciyawa, makonni biyun ƙarshe kuma bayan jarrabawa yara su yi ta wasa ana jiran sakamako. Wani binciken Bankin Duniya na 2013 a jihohin Anambra da Bauchi da Ekiti da Neja ya tarar da wajen malami ɗaya cikin bakwai ba ya makaranta a ranar da aka kai ziyarar ba-zata, wasu kuma suna makarantar amma ba sa cikin aji. Yaron da ya yi tafiyar rabin sa'a a ƙasa ya zo ya zauna a kan siminti har aka fita tara ba wanda ya shigo, me za a ce masa gobe? Malamin shi ma yana da nasa kukan: albashin da bai kai ƙarshen wata, ga jinkiri, ga yawan kira zuwa sakatariya tantancewa a ranar aiki. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da ita, amma ba a yi jayayya a kan cewa akwai azuzuwan da zama a cikinsu bai ƙara wa yaro komai ba.

Akwai kuma hanyoyin da makaranta ke korar yara da hannunta. Bulalar 'yan makara a bakin ƙofa tana cikinsu: yaron da ya ga rana ta ɗaga, ya san abin da ke jiransa, sai ya zaɓi fashi a kan makara. An yi asarar yini guda saboda minti ashirin. Haka korar yaro gida saboda kuɗin jarrabawa, ko na ƙungiyar iyaye da malamai, ko tsintsiya, ko takalmi, a ƙasar da doka ta ce karatun nan kyauta ne.

Dokar ita ce ta UBE ta 2004. Ba cewa ta yi a rubuta sunan yaro kawai ba, ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu yana halarta har ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Wanda ya saɓa, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, na gaba naira 5,000 ko wata biyu. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ni ban ga alamar ɗaure uba zai cika aji ba. Magidancin da aka kai gidan yari, 'ya'yansa talla za su ƙara. Amfanin dokar a wurina shi ne ta ba dagaci da mai unguwa da hedimasta ƙafar tsayawa idan sun je ƙofar gidan mutum.

Ciyarwa ta fi tara tasiri, amma ita ma da iyakarta. Da Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, azuzuwa sun cika har sun tumbatsa, haka aka gani a wasu jihohin da shirin gwamnatin tarayya ya biyo baya. Sai kuma rahotanni suka fito cewa a wasu makarantun, da an gama rabon abinci yara sai su watse. Wasu sun ɗauki wannan hujjar soke shirin. Ni abin da na gani a ciki daban ne: yunwa gaskiya ce, kuma abinci ya iya kawo yaro har ƙofar aji, amma riƙe shi bayan ya ƙoshi aikin malami ne. Haka tallafin kuɗi. A ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da tallafin Birtaniya, an riƙa ba iyaye a Sakkwato da Neja naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya, don a maye gurbin ribar talla, kuma 'yan mata sun ƙaru a makarantun. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce da kuɗin ya ƙare sai su tsaya.

Abin da ba ya buƙatar kuɗin waje shi ne a sami mai tambaya. Rajistar firamare tana da gurbin safe da na rana. A kira suna sau biyu da gaskiya, kada a zauna ran Juma'a a cike gurabun mako guda. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta daina wadatuwa da jin yara nawa aka ɗauka, ta riƙa tambayar nawa suka zo jiya. Yaron da ya yi kwana biyu a jere ba a gan shi ba, a kwana na uku wani ya je gidansu, ba da faɗa ba, da sallama: "Malam, mun ga kwana biyu ba mu ga yaron nan ba, muka ce ko lafiya." Kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda mai unguwa da liman da iyaye mata ke ciki, don irin wannan aka kafa su. Ƙungiyoyin iyaye mata sun fi kowa iya wannan aiki, domin su ke shiga har tsakar gida, su kuma ake faɗa wa ainihin dalili. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: riga ta yage, wani babban yaro na cin zalinsa a hanya, ana binsa naira ɗari biyu.

Inda dalilin babba ne, sai a yi sulhu da rayuwa maimakon a yi kamar ba a gan ta ba. Nijeriya ta amince da wannan tun 1989 da ta kafa hukumar ilimin makiyaya, wadda aka gina a kan cewa makaranta na iya bin yanayin mutane. Me zai hana jihohin noma su daidaita hutunsu da makonnin shuka da girbi? Me zai hana garin kasuwa ya fara darasi da sassafe ranar kasuwa a tashi da hantsi, a cike gurbin a wata rana? Uwar da ba za ta iya barin talla ba, a roƙe ta ta mayar da ita bayan azahar. Yaron da ya dawo bayan dogon fashi kuma, a zaunar da shi da 'yan'uwansa masu irin matsalarsa na sa'a guda a rana, a koma da su kan baƙi da wasali ko da suna aji biyar, kafin kunya ta kore su gaba ɗaya.

Ga iyaye kuwa, ko wanda bai yi boko ba yana da hanyar bincike. Malamai suna sa yara rubuta kwanan wata a saman kowane aiki. Yau da dare a ce yaro ya kawo littafinsa na rubutu, a buɗe, a sa yayansa ko maƙwabci ya karanto kwanakin. Idan daga Litinin aka yi tsalle sai Alhamis, ko dai yaron bai je ba, ko ya je malam bai shigo ba. Ko wanne ne daga ciki, ya isa dalilin da uba zai sa hularsa gobe da safe ya raka ɗansa makaranta, ya nemi ganin malamin ajin.